Wace Fuska Za a Yi wa Manhajar Kiɗan Arlit?

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine, Mahamadou Souleymane, ya tsallaka iyaka ya sauka Sakkwato da gitarsa, ya shiga situdiyo ya ɗauki waƙoƙin da suka zama faifansa na farko, Anar. Masu situdiyon sun yi masa aikin da hannunsu ya saba da shi a waƙoƙin finafinan Hausa, wato gangar inji da muryar da aka bi da ita ta cikin Auto-Tune. Waƙoƙin ba su bi ta kanti ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya, ta Bluetooth da katin memori, har suka kai arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji su. A 2011 ya sa ɗaya daga cikinsu, "Tahoultine", a tarin waƙoƙin Music from Saharan Cellphones na kamfaninsa Sahel Sounds. Wannan matashi shi ne Mdou Moctar.

A Arlit ya yi ƙuruciyarsa. A can ya ga Abdallah ag Oumbadougou yana kaɗa gita, ya koma gida ya harhaɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Abdallah, wanda aka haramta kaset-kaset ɗinsa lokacin tawayen farkon shekarun 1990, ya kafa makarantar kiɗa a Arlit bayan sulhun 1995, ya rasu a 2020. Ke nan garin bai taɓa rasa makaɗa ba, bai kuma rasa masu saurare ba. Sai dai manhajojin da makaɗin zamani yake dogaro da su duk baƙi ne. FL Studio daga Beljiyam ya fito, Cubase daga Jamus, Auto-Tune daga Amurka. Shi wannan na ƙarshe ma yana da alaƙa da aikin tonon arzikin ƙasa: Andy Hildebrand, wanda ya fito da shi a 1997, ya fara aiki ne da lissafin amsa-kuwwar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, kafin ya juya wannan lissafi kan muryar mawaƙa.

Duk ɗalibin Jami'ar Agadas ko injiniyan da aikin ma'adinai ya saki, in ya ƙudiri ƙera manhajar haɗa sauti da za ta dace da mutanensa, akwai tambayar da za ta tare shi tun bai yi nisa ba: da waɗanne kaya zai gina fuskar manhajar? Fuska a nan ita ce abin da mai kiɗa yake gani yake taɓawa a kan allo, madannai da abubuwan murɗawa da rubutu da zanen igiyar sauti. Tambayar tana kama da ta ƙwararru zalla, amma amsarta ita ke yanke hukuncin wanda manhajar za ta buɗe masa da wanda za ta ƙi.

Garin da za a gina wa

An kafa Arlit a 1969, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, saboda yuraniyom ɗin da Faransawa suka gano a gindin duwatsun Abzin. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfen daga buɗaɗɗen rami a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1978 da rami mai zurfi a Akouta, garin Akokan ya tashi a gefensa. Albashi mai kyau da gidajen kamfani da wutar lantarki daga gawayin SONICHAR da ke kusa da Cirozerin sun ja Hausawa da Zabarmawa da Fulani da baƙi daga ƙasashen gaɓar teku, suka cakuɗa da Abzinawa masu ƙasa. Wannan zamani ne Idrissou Mora-Kpai ya waiwaya a fim ɗinsa na 2005, Arlit, deuxième Paris.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila. A Yunin 2024 gwamnatin Nijar ta ƙwace lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga hannun kamfanin Faransa Orano, shekara guda bayan haka ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Ko me wannan zai haifar nan gaba, a yau kuɗi ba su yawo a garin kamar da. Kwamfutar da matashi zai samu galibi ta hannu ce, Windows ɗinta tsohuwa, ƙwaƙwalwarta kaɗan, ƙura ta toshe mata fanka, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40. Na'urar da kusan kowa yake da ita kuwa waya ce mai Android, Tecno ko itel ko Infinix, kuma data da kuɗi ake saye.

Idan magina manhaja a Balin ko Landan suka ce abu yana aiki a ko'ina, Windows da Mac da Linux suke nufi, sababbi. A Arlit ma'anar ta bambanta. Ko'ina shi ne tsohuwar kwamfuta da ƙaramar waya, kuma a iya kwafar manhajar a ba maƙwabci ba tare da intanet ba.

Inji daban, fuska daban

Manhajar haɗa sauti kashi biyu ce, kuma ɓangarorin biyu ba agogo ɗaya suke bi ba. Injin sauti yana lissafa lambobi 44,100 ko 48,000 a kowane sakan, yana miƙa su ga na'urar sauti a ƙananan ƙunshi. In ƙunshin na lambobi 256 ne, abin da yake da shi bai kai milisakan 6 ba kafin a nemi na gaba. Ya makara ko da ƙiris, sai a ji ƙas-ƙas a lasifika, kuma a gidan biki kowa zai ji. Ita kuwa fuska, in ta sake zana kanta sau 60 a sakan ta yi ƙoƙari, kuma in ta tsallake zane ɗaya ido ba zai lura ba. Abin kamar direba ne da yaron mota: yaron yana iya tsayawa cinikin kaya, amma in direba ya saki sitiyari don ya taya shi, an shiga rami. Saboda haka doka ta farko a wannan sana'a ita ce injin kada ya taɓa jiran fuska. Saƙo suke aika wa juna ta hanyar da babu mai tsayar da wani.

Miller Puckette ya ɗauki wannan doka da gaske lokacin da ya fito da Pure Data a tsakiyar shekarun 1990. Ya rubuta injin da harshen C, ya gina fuskar da Tcl/Tk a matsayin shiri mai zaman kansa. Mutane sun daɗe suna kushe kamannin Pure Data, fari fat da siraran layuka. Amma wannan rabuwa ce ta sa daga baya aka iya cire injin kawai, da sunan libpd, aka dasa shi cikin manhajojin waya, wasu kuma suka yi masa sabuwar fuska mai suna plugdata.

Wanda bai yi wannan tanadi ba yakan biya da shekaru. FL Studio, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 1997 da sunan FruityLoops, an rubuta shi da Delphi, ya manne wa Windows. Sai a 2018 aka samu cikakken na Mac, bayan shekara ashirin. A Sahel wannan bai dami kowa ba, tunda Windows ce a hannun jama'a, kuma da FL Studio Hama na Yamai ya haɗa waƙoƙin faifansa Houmeissa na 2019, inda ya mayar da waƙoƙin gargajiyar makiyaya kiɗan lantarki. Ya bi sawun Mamman Sani ne, wanda ya ɗauki kaset ɗinsa na farko a 1978 da fiyanon lantarki ƙirar Italiya, kiɗan da rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna sawa tsakanin shirye-shirye. SuperCollider na James McCartney ya sha irin wannan wahala ta ɗaya ɓangaren: fuskarsa ta asali ta Mac ce kaɗai, masu Linux da Windows suna lallaɓawa da wata dabam, har sai da aka haɗa kowa a kan Qt wajen 2012.

Kayan da ke kasuwa

Sunan da ya fi yawo a bakin masu wannan sana'a shi ne JUCE. Jules Storer ya zare shi daga cikin manhajarsa ta Tracktion ya sake shi a 2004. Kamfanin ROLI ya saye shi a 2014, PACE ya karɓa a 2020. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne, ba fuska kaɗai yake bayarwa ba. Yana magana da na'urar sauti, yana karɓar saƙon MIDI daga fiyano, yana kuma naɗe aiki ɗaya ya fito a matsayin manhaja mai zaman kanta ko filogin mai shiga cikin FL Studio da Cubase, a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone. Filogin Surge, wanda Claes Johanson ya buɗe wa kowa a 2018, ya bar tsohuwar fuskarsa ta VSTGUI ya koma JUCE a 2022 da sunan Surge XT. Vital na Matt Tytel ma a kansa aka gina shi.

Qt ya girme shi. Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng suka fara shi a Nowe, ya fito a 1995, ya bi ta hannun Nokia kafin ya zama kamfani mai cin gashin kansa. Wajen tagogi da jerin zaɓi da rubutu da fassarar manhaja zuwa harsuna da yawa, da wuya a samu wanda ya fi shi, kuma da shi aka gina LMMS, manhajar kyauta da ta fi kusa da FL Studio a tsari. Rauninsa yana bayyana in aka sa shi cikin filogin. Filogin baƙo ne a cikin wata manhaja, ƙwaƙwalwa ɗaya suke sha. In mai gida yana amfani da wani zubin Qt, baƙon ya shigo da wani, sunayen ayyukansu sukan ci karo su kayar da komai. Masu Linux sun sha wannan da Qt 4 da 5, sun sha da GTK 2 da 3, shi ya sa aka samu ƙananan kaya irin su pugl na David Robillard da DPF na Filipe Coelho, waɗanda a ɓangaren fuska suke buɗe taga su bar magini ya zana abinsa.

GTK gidansa Linux. Ardour na Paul Davis ya ginu a kan GTK 2, kuma da masu GTK suka daina kula da wannan zubi a ƙarshen 2020, sauya fuskar Ardour gaba ɗaya ya yi tsadar da masu shi suka gwammace su ɗauki tsohon GTK ɗin su riƙe shi a cikin manhajarsu, suna gyara shi da kansu. Audacity, wanda gidajen rediyo da yawa suka saba da shi wajen yanka murya, ya yi shekara fiye da ashirin a kan wxWidgets, daga baya kuma aka soma sake masa fuska da Qt. Waɗannan labarai biyu sun isa su nuna tsawon ran wannan zaɓi. Manhajar da aka fara a ɗaki ɗaya tana iya ɗaukar shawarar makon farko har shekara ashirin.

Akwai kuma FLTK, ɗan ƙarami marar ado, wanda ke tashi nan take a kwamfutar da sauran ke yi wa nauyi. Da shi Nasca Octavian Paul na Romaniya ya gina ZynAddSubFX a 2002, kuma Yoshimi, reshen da ya fito daga gare shi, har yau bai sake shi ba. Ga tsohuwar kwamfutar Akokan, FLTK aboki ne na gaske. Ga waya kuwa ba shi da amfani, domin ba don allon taɓawa aka yi shi ba.

Sai hanyar da ta fi jan matasa, gina fuska kamar shafin intanet. Ta fi sauƙin koyo, masu iya ta sun fi yawa. Amma Electron, wanda aka fi yin hakan da shi, yakan ɗauko burauzar Chromium sukutum ya cusa a cikin kowace manhaja, nauyin ya haura megabait ɗari tun ba a rubuta komai ba, ga cin ƙwaƙwalwa da batir. Tun 2023 kuma ya daina aiki da Windows 7. Ba shi kaɗai ba ne: Qt 6 na 2020 da JUCE 8 na 2024 duk Windows 10 suke nema zuwa sama. Magini a Arlit dole ya leƙa kwamfutocin da ke situdiyoyin garin kafin ya zaɓi zubi, domin sabon zubi yana iya rufe ƙofa ga rabin masu buƙatarsa.

Haruffa da yatsa

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Manhajar da aka yi wa Arlit ta kamata ta iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba tare da ta mayar da su akwatuna ba. Wannan mai sauƙi ne, font mai kyau kawai yake buƙata. Ajami ya fi wuya, domin daga dama yake tafiya, haruffansa suna sauya siffa gwargwadon maƙwabtansu. Tifinag, rubutun Abzinawa, ya shiga tsarin Unicode a 2005, kuma Google ya fitar da font ɗin Noto na Tifinag da ke da nau'in Abzin da na Azawak, tunda siffar wasu haruffa ta bambanta daga yanki zuwa yanki, wasu baƙaƙe biyu kuma akan haɗe su su zama alama ɗaya.

Irin wannan aiki wani shiri ne mai suna HarfBuzz yake yi. Qt da GTK sun daɗe da shi. JUCE bai same shi ba sai a zubi na 8, wanda kuma shi ne zubin da ya bar tsofaffin Windows a baya. FLTK da ƙananan kayan zana-da-kanka ba sa jera rubutun dama zuwa hagu da kansu. A nan ne zaɓin ke matse magini: kayan da suka fi sauƙin nauyi su suka fi rauni wajen rubutu, waɗanda suka iya rubutu kuma sun fi son sabuwar na'ura.

Bayan haruffa sai yatsa. Yawancin manhajojin haɗa sauti suna kwaikwayon allon na'urorin Turai na shekarun 1970, ƙananan abubuwan murɗawa jere-jere da hoton maɓallan fiyano a ƙasa. Da linzamin kwamfuta wannan yana tafiya. A allon waya mai inci shida, babban yatsa yana rufe uku a lokaci guda. Matsalar ma ta wuce girma. Kalangu magana yake yi ta hanyar matse tsirkiya, sautinsa yana hawa yana sauka babu mataki. Goge da imzad na matan Abzinawa haka suke zamewa tsakanin sauti da sauti, algaitar fadar Sarkin Abzin ma ba ta san iyakar maɓallan fiyano ba. Duk wanda ya saurari kalangun da ke fitowa daga fiyanon Yamaha a waƙoƙin Kano ya san abin da ake rasawa in aka datsa wannan zamiya gunduwa-gunduwa. Fuskar da za ta yi wa waɗannan kayan kiɗa adalci fili take buƙata, wanda yatsu da yawa za su iya ja a kai lokaci guda, kowane yatsa da sautinsa. JUCE da Qt suna karɓar taɓawar yatsu da yawa. Tk da FLTK a kan linzami ɗaya aka gina tunaninsu.

Android ma yana da nasa ciwon. Ya daɗe yana jinkiri tsakanin taɓa allo da fitar sauti, har Google ya fito da AAudio a 2017, sannan Oboe, don rage shi. Wannan aikin inji ne, amma fuska mai nauyi tana ƙara shi a wayar da ƙarfinta bai taka kara ya karya ba. Gwaji a kan itel ya fi gwaji a kan wayar da magini yake alfahari da ita.

In aka auna duka, ga mai son manhajarsa ta shiga cikin FL Studio ɗin da makaɗa suka riga suka saba da shi, ta kuma hau waya, JUCE ne ya fi kusa, ko da zai tsaya a tsohon zubi ya sarrafa rubutu da hannu. Mai gina manhajar koyarwa mai zaman kanta, cike da bayani da Hausa da Tamajak da Faransanci, Qt ya fi masa. Ko wanne ya ɗauka, a rubuta injin da C ko C++ tsantsa, kada a bari ko layi ɗaya na kayan fuska ya shiga cikinsa, domin kamfanonin da ke riƙe da waɗannan kaya suna sauya hannu, kuma JUCE kaɗai ya sauya sau biyu cikin shekara shida.

Lasisi ma abin dubawa ne tun farko, musamman a garin da biyan kuɗi zuwa waje ta katin banki ba abu ne mai sauƙi ba. Qt yana da lasisin LGPL da ke ba da damar amfani da shi kyauta bisa sharuɗɗa. JUCE kyauta ne ga wanda ya buɗe rubutun manhajarsa ga kowa, ko wanda cinikinsa bai kai wani adadi ba, daga nan sai biya. FLTK ya yarda a haɗe shi cikin fayil ɗaya a rarraba ba tare da an nemi kuɗi ba.

Akwai wani rukunin masu kiɗa da ba a cika tunawa da su ba a wannan muhawara, alhali a ƙasar Hausa suna da tarihi mai tsawo: makafi. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, kuma waƙa ta daɗe tana cikin sana'o'in da makafi suka riƙe. Makaho yana amfani da kwamfuta da waya ta hanyar shirin da ke karanta masa abin da ke kan allo, NVDA a Windows ko TalkBack a Android. Wannan shiri ba ya ganin zane. Sai kayan fuskar sun gaya masa cewa wannan madanni ne, sunansa kaza, yana kan lamba kaza. Qt da wxWidgets suna yin wannan bayani tun da daɗewa, shi ya sa makafi da yawa suke iya aiki da Audacity. JUCE ya ƙara shi a 2021, kuma masu Surge XT sun yi amfani da damar suka sa wa abubuwan murɗawarsu sunaye da hanyar isa gare su ta allon rubutu. Fuskar da magini ya zana da kansa a kan pugl ko OpenGL kuwa, komai kyawunta, hoto ɗaya ce babu suna a wurin mai karanta allo, sai in ya zauna ya rubuta wa kowane madanni bayaninsa da hannu.